Zarton Inji: Wanne Za A Riƙe, Wanne Za A Sayar?

Akan tarar manomi, ko ɗan kasuwar katako, ko ƙungiyar gama kai, sun tara zarton inji uku ko huɗu a ɗakin ajiya. Wani sabo aka saye shi, wani a bakin bashi aka karɓa, wani kuwa gado ne. Ga shi inji ba gatari ba ne, da za a jingine a lungu shekara biyu a ɗauko a ci gaba da sara. In ya daɗe a ajiye, fetur ɗin cikinsa yakan lalace ya toshe kafireta, robobinsa su bushe su tsattsage, sarƙa ta yi tsatsa. Watau kuɗi ne ke narkewa a ɗaka. Saboda haka ya kamata mai su ya gwada su, ya riƙe mai amfani, ya sayar da sauran tun suna da daraja.

ASALINSA

A 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarton sarƙa mai aiki da lantarki. A 1927 Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai shan fetur. Na farkon nan don nauyi sai mutum biyu ke riƙe su. A 1947 Joseph Cox na Amurka ya fito da sarƙa mai lanƙwasassun haƙora, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke cin kututture, kuma a kan dabararsa ake ƙera yawancin sarƙoƙi har yau. A 1959 Stihl ya fitar da samfurin Contra, wanda mutum ɗaya ke riƙewa, a shekarar kuma kamfanin Husqvarna na Suwidin ya fara nasa. Birkin sarƙa bai shigo ba sai farkon shekarun 1970. Wanda ya san zamanin injinsa ya san abin da ya rasa.

GIRMANSU KASHI UKU NE

Ana auna girman inji da si-si, watau faɗin cikin silinda.

Ƙarami, kamar Stihl MS 180, yana da si-si 32, nauyinsa wajen kilo 4, dogon ƙarfen da sarƙa ke kewayawa kuwa inci 14 zuwa 16. Shi ne na rage rassan mangwaro, da yanka turakun shinge da itacen girki.

Matsakaici, kamar Husqvarna 365 mai si-si 65, ko Stihl MS 382 mai si-si 72, nauyinsa wajen kilo 6 ne. Yana kā da darbejiya ko turare ba wahala, yana gunduwa, mutum kuma ya wuni da shi bai galabaita ba.

Babba shi ne irin Stihl 070, mai si-si 106, wanda masu tsaga katako a Nijeriya da Gana suka sani ƙwarai. Ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba. Wajen tsaga gungume ya zama falanki ƙanana ba su kama ƙafarsa. Amma fa yana shan mai, yana gajiyar da hannu, tsofaffinsa kuma ba su da birki.

YADDA ZA A GWADA SU

Kafin gwaji a wasa haƙoran kowanne da magagari, a zuba musu mai iri ɗaya, don kada a zalunci inji mai kyau saboda dakusasshiyar sarƙa.

1. A kama igiyar tayarwa a ɗaga injin da ita. In ya tsaya, ko ya riƙa sauka sannu sannu yana cijewa, yana da sauran ƙarfi. In ya zurare ƙasa nan da nan, matsin silinda ya tafi.

2. A sa makaniki ya kwance salansa a leƙa fistin. In sumul yake, madalla. In an ga zane-zane a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, lalle an taɓa aiki da injin da fetur maras isasshen mai, ko ya yi zafi fiye da kima. Gyaransa da tsada.

3. A tayar da shi, a nufi wani farin katako da bakin ƙarfen ba tare da ya taɓa ba. In man sarƙa na fita za a ga ya fesa layi a jikin katakon. In babu, sarƙa da ƙarfen za su cinye juna.

4. A sami gungume guda, kowane inji ya yanka shi sau uku, ana duban agogo. Sa'an nan a duba abin da kowanne ya sha. A lura da abin da ke zuba: inji mai lafiya ɓarɓashi manya yake zubarwa, in gari ne kamar dusa akwai matsala.

5. A gwada birki. Babban hatsarin zarton inji shi ne in saman bakin ƙarfen ya taɓa itace, sai ya yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Birki ne ke tsai da sarƙa a lokacin. Injin da za a miƙa wa ɗan ƙodago ko sabon hannu, tilas ya kasance da birki mai aiki.

6. A je kasuwa a tambayi kayan gyaransa: fulogi, fistin, kafireta, sarƙa. Injin da sai an aika Legas ko Anaca kafin a sami kayansa, ranar da ya tsaya aiki ya tsaya. A yi hattara kuma da na jabu, gama suna da yawa, fenti ɗaya da na ainihi. Araha ba ta ado.

HUKUNCI

A ce mutum yana da huɗu: ƙarami ɗaya, matsakaita biyu, babba ɗaya. In manomi ne, ƙarami da matsakaici guda sun ishe shi. Ya sayar da babban, ya sayi taki da kuɗin. In kuwa mai katako ne mai izini, babban ne jarinsa, sai ya haɗa da matsakaici guda na sare rassa, ya sallami ƙaramin. Tsakanin matsakaitan nan biyu, wanda ya ci gwaji na 2, da na 5, da na 6 shi za a riƙe, ko da ɗayan ya fi shi sauri kaɗan.

In injuna biyu samfuri ɗaya ne, ɗaya ya mutu, kada a yar da mataccen, rumbun kayan gyara ne. In kuma an gaji wani tsoho ƙwarai, irin su Contra, kada a yi gaggawar ba 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe, domin a Turai da Amurka akwai masu tara irinsu don tarihi.

Wanda aka riƙe a kula da shi. Injunan zamani kashi 1 na mai ake haɗa musu da kashi 50 na fetur, watau mililita 100 cikin lita 5. Tsofaffi sukan so mai fiye da haka, sai a bi abin da kamfaninsu ya rubuta. In za a ajiye fiye da wata guda, a juye tanki, a bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa.

GARGAƊI

Mallakar zarto ba ita ce izinin sara ba. A nemi takarda wurin ma'aikatan gandun daji tukuna. A 1998 Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton inji, tun 2017 kuma madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu zuwa ƙetare, saboda ɓarnar da aka yi mata. Ɗorawa, da kaɗanya, da gawo, shekaru masu yawa suke yi kafin su girma, inji kuwa cikin 'yan mintoci yake kwantar da su. Wanda ya sare ɗorawar gonarsa ya ci kuɗin katako sau ɗaya, ya rasa kalwa har abada.

Allah ya kiyaye hannuwa, ya sa albarka a sana'a, amin.