Hukuncin Tiyatar Tsayar da Haihuwa ga Maza

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata tiyata da likitoci ke kira basektomi, wadda idan aka ambace ta a rumfunan kasuwar Jega, ko a zaurukan Sabon Gari da Aliero da Maiyama, sai magidanta su ce ai fiɗiya ce irin ta bunsuru. Wannan fahimta kuskure ce. Likita ba ya cire 'ya'yan maraina. Abin da yake yankewa ko ɗaurewa shi ne siraran hanyoyi biyu da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa. Sha'awa tana nan, maniyyi yana fita, sai dai babu iri a cikinsa bayan kamar wata uku.

To amma kuɓuta daga sunan fiɗiya bai halatta ta ba, domin illar hukuncin ita ce dawwama. Sake haɗa hanyoyin aiki ne mai wuya, kuma ba kullum ake dacewa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana Usmanu ɗan Maz'unu ƙaurace wa aure, ya kuma hana sahabbai dandaƙe kansu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta haramta kawar da ikon haihuwa ɗungurungum, ga namiji ko mace, sai da larurar da Shari'a ta yarda da ita. Mutum bai san gobe ba: 'ya'ya kan rasu, mata kan rasu, aure kan mutu.

Sai dai fa majalisar nan ta halatta ba da tazara ta ɗan lokaci, bisa shawara da yardar ma'aurata, kuma a nan ne maza da yawa ke sulalewa. Sun ƙi tiyata, daidai ne. Amma sun bar wa mace ƙwaya da allura, ko goyo da ciki, ita kaɗai. Alhali azalu, watau zubar da maniyyi a waje, aikin namiji ne, sahabbai sun yi shi, kuma Imamu Malik ya sharɗanta izinin matar. Malamai da dama sun yi ƙiyasin kwaroron roba a kansa. Wanda likita amintacce ya gaya masa cewa wani cikin zai iya halaka iyalinsa, wajibi ne ya zauna da likitan da malami, a duba wace hanya ce mafi sauƙin cuta.

Allah Shi ne Mafi sani.