Wurin Walima da Adon Kan Amarya: Shawarwari ga Gidajen Krofrom

A zango, da zarar an sa rana, biki ya tashi daga na gida ɗaya ya zama na unguwa. Za a raba kati ɗari biyu, amma ranar walima sai ga dangi daga Aboabo da Asawase da Moshi Zango, ga na Tamale da Bawku sun sauka a tashar Krofrom tun asuba da jakunkunansu. Na sha ganin bikin da aka kashe masa dukiya, aka tashi tsofaffi suna tsaye a rana, amarya kuma tana dafe da kai saboda nauyin abin da aka ɗora mata. Abin yana damuna, domin duk wannan wahala ana iya kauce mata tun kafin a biya ko sidi ɗaya.

1. Ku fara da ƙidaya. Uwar amarya da uwar ango su zauna, kowace ta kawo jerin mutanenta, a haɗa da ƙungiyoyin matan da za su ɗinko yayi, sannan a ƙara wa lissafin wani kaso saboda waɗanda za su zo ba kati. Wannan adadi shi zai nuna muku wurin da ya dace.

2. Ku dubi ranar da idon mutumin Kumasi. Mu galibi Lahadi muke ɗaura aure, maƙwabtanmu Asante kuwa Asabar ce babbar ranar jana'izarsu, kuma rumfunan haya da kujerun roba da muke nema su ma su suke nema. Wanda bai kama nasa da wuri ba, zai samu ragowar da aka kwaso da daddare, wata kujerar ma ƙafa uku. Sannan duk bayan kwana 42 ana bikin Akwasidae na Asante a fadar Manhyia, ranar Lahadi, ga fadar nan kusa da mu, hanya takan cushe. Sai kuma ruwan sama: babbar damina daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙura.

3. Ƙofar gida ko zauren haya? Nan ne gardama ta fi zafi, kuma ni ba na raina walimar ƙofar gida. Tana da albarkarta: tukunya na kusa, tsohuwar da ba ta iya hawa mota za a kamo hannunta a zaunar da ita, maƙwabci ba ya jin an ware shi, kuɗin hayar zaure kuma ya koma cikin kayan ɗakin amarya. Amma lungunanmu matsattsu ne, kwatoci a buɗe, kuma titi ba na mai biki kaɗai ba ne. In za ku tare hanya, ku nemi izinin hukumar birni ta KMA, ku sanar da 'yan sanda, ku bi maƙwabta gida-gida, Musulmi da Kirista, ku gaya musu ranar da lokacin da za a kashe lasifika. A bar gefen da mota za ta iya wucewa, don ba a san wadda naƙuda za ta kama ba.

In jama'a sun fi ƙarfin layinku, filin makaranta ko harabar Islamiyya sun fi sauƙin kuɗi, kuma suna cikin unguwa. Manyan wurare irin Prempeh Assembly Hall, ko cibiyar al'adu da ke Bantama, ko zaurukan otal, suna da kyau ga mai hali. Sai dai ku lissafa da kuɗin kai mutane da dawo da su. Zauren da zai sa Hajiya kaka ta canza tirotiro sau biyu, ko da an shimfiɗa masa zinariya, ni a wurina bai dace da bikin jikarta ba.

4. Kada ku kama wuri daga hoton waya. Ku je da ƙafarku, a daidai lokacin da za a yi taron, ku tafi da dattijuwa ɗaya. Ku shiga bayi ku murɗa famfo. Ku tambayi inda za a yi alwala da inda maza da mata za su yi La'asar da Magariba, domin walimarmu takan ratsa salla biyu. Ku ƙirga matakala, ku dubi ƙofofin fita. Sannan maganar wuta: duk wanda ya zauna a Gana a 2015 ya san dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, kuma har yau wutar ECG takan ɗauke ba sallama. Ku ce a tayar muku da janareta a gabanku, ku ji wa zai sayi mai. Na taɓa halartar wata walima a wani zaure, wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigo da amarya. Janareta na nan, mai ne babu, kuma mai mabuɗin ɗakinsa ya tafi gida. Da fitilar waya aka rako yarinyar kujerarta, kwalliyarta na narkewa da gumi.

5. A rubuta komai. Ƙarfe nawa za a buɗe, ƙarfe nawa za a tashi, kujera nawa, wa zai share, nawa za a mayar in an fasa. Ku tambaya ƙarara ko an yarda a shigo da abincin gida, don wasu zaurukan sai nasu, alhali mu an riga an ɗora tukwanen wake da shinkafa da tuwo, an jiƙa sobolo. Ku lura da wani abu kuma: tun 2007 aka canza kuɗi, amma har gobe iyayenmu na kiran sidi 100 miliyan ɗaya. A rubuta farashi da lamba, da sabon kuɗi, kada a tashi da rigima. In ta waya, da MoMo, kuka biya, ku adana saƙon, ku karɓi rasit.

6. Sai an san wuri ake zaɓen abin kai. Mutane da yawa suna juya wannan tsari, su sayo kambi mai duwatsu tun ba a san inda za a zauna ba. A ƙarƙashin rumfa da rana tsaka, ga zafin Kumasi mai ɗanshi, gwaggwaron ashoke mai kauri azaba ne, kuma iska na wasa da dogon mayafin raga. Ɗankwali mara nauyi da ado ɗaya a gefe ya wadatar. Zaure mai sanyi da fitilun dare shi ke ɗaukar ƙyalli. Ke amarya, ki tuna kanmu a rufe yake, don haka adon da za a gani shi ne wanda ke zama a kan mayafi ko ɗankwali: sarƙar goshi, ƙaramin kambi, fil mai dutse. Ki zaɓi ɗaya ya zama shi ne babba. In sarƙar wuya da 'yan kunnen lefe masu nauyi ne, a sassauta wa kai. In ruwan zinariya ne a wuya, kada a sa ruwan azurfa a goshi.

7. Kitso shi ne tushe, a kansa komai zai zauna. A yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar, don zafinsa ya huce. Ki gaya wa mai kitso ta sassauta hannu a gaban goshi, saboda jan da ake yi wa gashin wurin shi ke cinye shi, wani lokaci ba ya sake fitowa. Ɗan man kaɗanya ya isa. In ya yi yawa ɗankwali zamewa yake. Batun ƙarin gashi kuwa, malamanmu da yawa sun hana, kuma ƙaramin shuku ko kitson da aka tattara baya yana riƙe ɗauri ba tare da shi ba.

8. In kin shiga Kejetia ko Adum, ki tafi da ƙyallen kayan da za ki sa, ki fito da adon kan waje ki gan shi a hasken rana. Ki shafa bayansa da yatsa: in yana da kaifi zai yagi leshi, in dutse na motsi zai faɗi kafin a yi hoto. Yawancin masu arha suna da ƙarfen nikel, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki sa shi a gida na awa biyu ko uku, ki sunkuya, ki juya, ki ji. Kambin da za a sa sau ɗaya kuma, aro ko haya ba abin kunya ba ne.

9. A kula da baƙin rinin da ake haɗawa da lalle ko a shafa a gashi. Wani yana da sinadarin da ke ƙona fata. A gwada ɗan kaɗan a bayan kunne kwana biyu kafin ranar lalle.

10. Ɗaurin da ba a iya kwance shi a mayar, zai sa amarya ta rasa salla a ranar aurenta, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ta yi alwala kafin mai kwalliya ta fara, a kuma nuna wa babbar ƙawa yadda ake mayar da ɗaurin. Ita ce za ta riƙe 'yar jaka mai fil, da zare da allura, da ɗankwali na biyu. Fil mai rufaffen baki ya fi tsirarar allura, domin ranar nan kowa rungumar amarya yake, har da masu goyo.

Iyayenmu mata, alwanka da gwaggonni, ku ne kuka fi kusa da amarya a wannan rana. Kafin a fito da ita, wata a cikinku ta matso kusa da kunnenta ta tambaye ta ko kan na mata ciwo. In ta ce e, don Allah a kwance a sake ɗaurawa, ko da jama'a za su ƙara jiran minti goma.