Sifirin da Shokozoba: Kimiyyar Ƙarfafa A-kori-kura a Hanyoyin Gonakin Kura

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman rani a Nijeriya. Ruwa yana gangarowa ta babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir da albasa, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. To amma amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa. Tsakanin gona da babban titin Kano zuwa Zariya akwai hanyoyin burji da na turɓaya masu bin gefen magudanai, waɗanda damina kan kwaɓe, rani ya busar da su su zama gargada.

Motar da ta fi shan wannan wahala ita ce a-kori-kura. Idan mai ita ya ga bayanta ya fara durƙusawa, abin da yakan faɗo masa a rai shi ne ya ƙara mata sifirin, kuma da yawa sukan yi aikin da kansu a ƙofar gida. Wannan darasi zai bayyana yadda sifirin da shokozoba ke aiki, da abin da ƙari ke gyarawa, da abin da ba ya gyarawa, sa'an nan da yadda ake yin aikin ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba.

Misali daga jikin ɗan Adam

Idan yaro ya diro daga kan katanga, yakan lanƙwasa gwiwoyinsa ba tare da kowa ya koya masa ba. A wannan ɗan lokaci abubuwa biyu ne ke aiki. Agara, wato jijiyar da ta haɗa tsokar sharaɓa da ƙashin diddige, takan miƙe kamar roba, ta adana ƙarfin dirowar, sa'an nan ta mayar da shi. Tsokokin cinya kuwa sukan yi tirjiya a hankali, su shanye ƙarfin, su mayar da shi zafi. Bugu da ƙari, a cikin gadon baya akwai faya-fayan guringuntsi guda 23 da ke tsakanin ƙasusuwa, suna rage bugun da zai kai ga kwanya.

Haka tsarin mota yake. Sifirin shi ne agararta, shokozoba kuma ita ce tsokarta. Sifirin yana ɗaukar nauyi yana adana ƙarfi, shokozoba tana shanye ƙarfin da ya adana. Duk gyaran da ya kula da ɗaya ya manta da ɗaya, rabin gyara ne.

Ka'idar Hooke

A shekarar 1678 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ka'idar da ta bayyana halin sifirin. Ɗaliban ilimin halittu sun san shi ta wata fuskar, domin shi ne a 1665 ya bayyana 'yan ɗakunan da ya hango a cikin ɓawon itacen toshiyar kwalba ta madubin ƙara girma, ya laƙaba musu sunan da ake kiran ƙwayoyin halitta da shi har yau. Ka'idar tasa ta ce: lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. In an ninka nauyi, lotsawa ta ninku.

A ɗauka akwai sifirin da kowane kilogiram 50 ke lotsa shi santimita 1. Kilogiram 300 za su lotsa shi santimita 6, kilogiram 600 kuma santimita 12. Idan tazarar da ke tsakanin aksul da shasi santimita 10 ce kacal, to kafin a kai kilogiram 600 tazarar ta ƙare. Daga nan sifirin ya daina aiki, kowane rami sai ya bugi shasi kai tsaye. Haka kuma ka'idar tana da iyaka. Ƙarfen da aka lanƙwasa fiye da juriyarsa ba ya komawa yadda yake, kuma wannan shi ne dalilin durƙusawar motocin da suka daɗe suna shan lodi.

Yawancin a-kori-kura, daga Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna har zuwa Toyota Hilux, sifirin mai falle-falle ne a bayansu, wato fallayen ƙarfe masu tsawo daban-daban da aka jera aka ɗaure a tsakiya. Taurin irin wannan sifirin yana ƙaruwa da yawan fallaye, amma kauri ya fi tasiri nesa ba kusa ba: falle da aka ninka kaurinsa sau 2, taurinsa yakan ninku sau 8. Saboda haka ƙara falle ɗaya mai kauri yana iya sauya halin mota fiye da yadda mai ita ya zata.

Aikin shokozoba

Sifirin shi kaɗai ba ya tsayawa. In an lotsa shi an sake, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa. Shokozoba bututu ce cike da mai, a cikinta akwai fistin mai ƙananan huduji. Duk lokacin da taya ta motsa, sai fistin ya tilasta wa mai bi ta cikin hudujin nan, man ya yi tirjiya, ƙarfin motsi ya koma zafi. Shi ya sa shokozoba mai lafiya takan yi ɗumi bayan an yi tafiya a gargada. Wadda ta yi sanyi ƙalau, ko wadda mai ke tsiyaya a jikinta, ta mutu. Gwaji mafi sauƙi shi ne a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. In ta taso ta tsaya, lafiya. In ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, shokozoba na bukatar canji.

Abin lura a nan shi ne, irin shokozobar da aka saba gani ba ta ɗaukar nauyi. Sabuwa ba za ta ɗaga motar da ta durƙusa ba, kamar yadda ƙarin falle ba zai hana lilo ba.

Illar wuce gona da iri

Saurin lilon mota ya dogara ga abubuwa biyu: taurin sifirin da nauyin da ke kansa. Tauri yana ƙara sauri, nauyi yana rage shi. Masu ƙera ƙananan motoci sukan daidaita lilon tsakanin sau 1 zuwa sau 1.5 a daƙiƙa, domin jiki yana jin daɗin wannan. Girgizar da ta fi damun mutumin da ke zaune ita ce ta sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, kuma daɗewa cikin girgiza yana daga cikin abubuwan da ke kawo wa direbobi ciwon baya. Motar da aka cika wa fallaye, idan ta sauke kaya ta juyo fanko, takan yi ta tsalle, tayoyin baya suna rabuwa da ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki.

Kayan gona ma suna shan wahalar. Tumatir rayayye ne ko bayan an tsinke shi, yana numfashi. Idan ya bugu, ƙwayoyin halittarsa sukan fashe, numfashinsa ya ƙaru, ya riƙa fitar da iskar etilin da yawa, wadda ke gaggauta nuna. Ta tsagar fatarsa kuma bakteriya da fumfuna suke samun ƙofar shiga. Kwandon da ya sha jijjiga daga gona zuwa kasuwar Kwanar Gafan ba lallai ne ya nuna aibinsa nan take ba, amma ƙasansa zai ruɓe kafin ya kai Legas. Dabarar da ta fi dacewa ita ce falle mai taimako, wanda ake ɗaurawa yadda ba ya fara aiki sai nauyi ya lotsa sauran. Mota ta yi taushi in tana fanko, ta yi tauri in ta yi lodi.

Akwai kuma abin da ƙari ba ya canjawa ko kaɗan. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, har da direba da fasinja. In buhun shanshera ya kai kilogiram 100, buhu 10 sun cika lissafi. Ƙarin falle ba ya ƙara wa aksul ƙarfi, ba ya ƙara wa birki, ba ya ƙara wa taya. Yana ɓoye alamar nauyi ne kawai. Haka nan ɗaga mota sama yana ɗaga cibiyar nauyinta, ya sa ta fi saurin kifewa, musamman a kan siririyar hanyar da ke gefen magudana. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.

Yadda ake aikin a gida

1. A zaɓi fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, a sauke duk kayan da ke cikin mota, a sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba.

2. A sassauta notocin taya, a ɗaga shasi da jak, sa'an nan a ɗora shi a kan matokaran ƙarfe ko kututturan itace masu ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti bai dace ba, domin yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba.

3. A tallabi aksul da jak, a cire taya, a kwance shokozoba, a kwance ƙarafan nan biyu masu siffar harafin U da suka ɗaure sifirin da aksul. A lura kada aksul ya sauka har ya ja tiyon birki.

4. A kwance ƙusoshin bakin sifirin na gaba da na baya, a fito da shi. Kafin a kwance ƙusar tsakiya, a matse fallayen da mamatsi, a riƙa sassautawa a hankali, domin akwai ƙarfi ajiye a cikinsu.

5. A goge tsatsa, a duba kowane falle ko ya tsage, a jera sabon falle a gurbin da tsawonsa ya dace, a ɗaure da sabuwar ƙusar tsakiya. A canja robobin bakin sifirin in sun ci.

6. A mayar da sifirin, a tabbata kan ƙusar tsakiya ya zauna cikin hujinsa a mazaunin aksul, in ba haka ba mota za ta riƙa tafiya a karkace. A yi amfani da sababbin ƙarafa masu siffar U, a ɗaure notocinsu bi-da-bi, kaɗan-kaɗan.

7. A sa shokozobar da tsawonta ya dace da sabon tsayin mota. Ƙusoshin da ke ratsa roba ba a ɗaure su tamau sai mota ta sauka a kan tayoyinta, don kada robar ta murɗe ta yage.

8. Abin da aka yi wa dama a yi wa hagu. Bayan 'yan kwanaki ana aiki a sake bin notoci da sifana, a duba saitin fitilu, a gwada birki a wurin da babu jama'a.

Abubuwa biyu ne ba a yi a gida. Na farko, ba a yi wa falle walda, ba a kuma gasa shi a wuta don a ƙara masa lanƙwasa, domin zafi yana ɓata horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, ya bar shi da saurin karyewa. Na biyu, sifirin mai naɗi da ke gaban wasu motoci a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum in ya kufce. Wannan aikin bakanike ne mai mamatsi na musamman. Wasu motocin kuma suna da na'urar da ke daidaita birkin baya gwargwadon lotsawar sifirin. In an canja tsayin mota, wajibi ne bakanike ya sake saita ta.

Gwaji don aji

Malami zai iya nuna duk wannan da rula. A danne bakin rular katako a gefen tebur, sauranta yana lilo a waje, a rataya leda a ƙarshenta. Ɗalibai su riƙa jefa notoci masu nauyi ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, suna auna lotsawa suna rubutawa. Sa'an nan a ɗora rula ta biyu a kan ta farko a maimaita. Za a ga lotsawa ta ragu kusan rabi. Daga ƙarshe a fizgi bakin rula a saki, da nauyi da kuma babu nauyi, a kwatanta saurin lilo.

Tambayoyi

1. Sifirin da kilogiram 40 ke lotsa shi santimita 1, santimita nawa kilogiram 360 za su lotsa shi?

2. Me ya sa shokozoba mai lafiya ke yin ɗumi?

3. Manomi ya ƙara wa motarsa fallaye biyu a kowane gefe, ya ce yanzu za ta ɗauki buhu 18 maimakon 10. Waɗanne sassan mota uku ne bai sa a lissafinsa ba?