Matuƙan Jiragen Sama na Amurka da Shingen Kujera 76

Yawancinmu idan muka ji ƙugin jirgin sama mukan ɗaga kai, mu ce lallai wanda ke tuƙa wannan abu ya yi ban kwana da talauci. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma da sauran magana. Bari mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda ake biyan matuƙan jirage, da abin da suke ci bayan sun bar aiki, da kuma wani sharaɗi guda wanda ƙungiyoyinsu ke riƙe da shi kamar ransu.

Da farko, ba albashin wata tsayayye ake yanka wa matuƙi ba kamar ma'aikacin ofis. Da awa ake biyansa, galibi kuma awar tana fara ƙirguwa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda fasinjoji suka hau, har ya tsaya a inda za su sauka. Doka ta hana shi wuce awa 1,000 yana tuƙi a shekara. Kuɗin awa ɗin kuwa ya dogara da abu uku, watau girman jirgin, da kujerar da mutum ke zaune, ko ta kyaftin ko ta mataimaki, da kuma yawan shekarunsa a kamfanin.

Wannan na ukun shi ne uwa uba. Ranar da aka ɗauki matuƙi ake ba shi lamba a jerin ma'aikata, kuma da ita zai zaɓi jirgin da yake so, da garin zama, da ranakun hutu. Da ita zai zama kyaftin, idan kuma aka zo rage ma'aikata daga ƙasan jerin ake farawa. A nan, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Abin mamaki shi ne lambar ba ta bin mutum. Kyaftin mai shekara 20 a bakin aiki, idan kamfaninsa ya rushe ya koma wani, sai ya koma can ƙarshen layi tare da sababbin shiga. Saboda haka matuƙi ba ya iya yin fushi ya tattara kayansa. Ƙarfinsa duka yana cikin yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta ƙulla da kamfani. Babbar ƙungiyarsu, ALPA, an kafa ta tun 1931.

To, sai maganar fansho. A da manyan kamfanoni sukan yi wa matuƙi alkawarin kuɗi tsayayye kowane wata har iyakar ransa. Amma a 1978 gwamnati ta sakar wa kamfanonin mara, ta daina yanka musu kuɗin tikiti da hanyoyin da za su bi, gasa ta yi zafi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kasuwa ta faɗi, manyan kamfanoni suka riƙa zuwa kotu ɗaya bayan ɗaya suna cewa bashi ya fi ƙarfinsu. Da izinin kotu aka soke fanshon matuƙan US Airways a 2003, na United ya biyo baya, na Delta kuma a 2006. Akwai hukumar gwamnati mai suna PBGC wadda ke ɗaukar nauyin fanshon da ya rushe, amma tana da iyakar abin da take biya. A wajejen 2005 iyakar kimanin dala 45,000 ce a shekara ga wanda ya yi ritaya yana da shekara 65. Wanda ya bar aiki yana da 60 kuwa, nasa bai kai dala 30,000 ba. Ga inda abin ya zama ban takaici: a lokacin doka ce ta tilasta wa matuƙi ya sauka yana da shekara 60. Gwamnati ta ce masa tafi gida, gwamnati kuma ta rage masa kuɗi don ya tafi da wuri. Sai a Disamba 2007 aka ɗaga shekarun zuwa 65.

Kyaftin Chesley Sullenberger, wanda ya saukar da jirgi a kan kogin Hudson a Janairu 2009 aka tsira da mutum 155, ya faɗa wa Majalisar Dokokin Amurka bayan wata guda cewa an zaftare masa kashi 40 cikin 100 na albashi, an kuma soke masa fansho. Yanzu tsarin ya sake. Kamfani yana zuba wa kowane matuƙi wani kaso a asusun kansa, wanda ake juyawa a kasuwar hannun jari. Ba a yi masa alkawarin komai ba, amma kuɗin nasa ne, ko kamfani ya mutu ba ya mutuwa da su.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙa. Idan ka sayi tikitin Delta ko United ko American zuwa wani ƙaramin gari, sau da yawa jirgin da za ka hau fentinsa kawai ne nasu. An rubuta Delta Connection, ko United Express, ko American Eagle a jikinsa, amma masu tuƙa shi ma'aikatan wani ƙaramin kamfani ne, kamar SkyWest ko Republic, wanda aka ba kwangila. Wasu ƙananan ma, irin su Endeavor da Envoy, mallakar manyan ne, amma jerin lambobin ma'aikatansu dabam, albashinsu dabam. Tambaya a nan ita ce, me zai hana babban kamfani ya miƙa wa 'yan kwangila dukan aikinsa, tun da sun fi araha?

Abin da ke hana shi wani sashe ne a cikin yarjejeniyar ƙungiya, wanda za mu iya kira sharaɗin shinge. Shi ne ke faɗin irin jirgin da aka yarda ɗan kwangila ya tuƙa, da kuma guda nawa. A manyan kamfanonin nan uku shingen ya tsaya a kan kujera 76, da nauyin da bai wuce fam 86,000 ba lokacin tashi, watau kimanin tan 39. Duk jirgin da ya haura haka, sai matuƙin babban kamfani. A ganina wannan sharaɗi ya fi kuɗin awa muhimmanci. Ina amfanin a rubuta maka dala ɗari uku a awa, alhali an ba wani jirgin da za ka tuƙa?

Shingen nan ba a 76 ya fara ba. Da galibi jirage masu farfela ƙananan kamfanoni ke da su, babu wanda ya damu. A farkon shekarun 1990 sai ga ƙananan jiragen jet masu kujera 50, masu gudu da dogon zango. Rigimar wa zai tuƙa su tana cikin dalilan da suka sa matuƙan American suka shiga yajin aiki a Fabrairu 1997, amma cikin 'yan mintoci Shugaba Bill Clinton ya tsayar da yajin, domin dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka shigar da jiragen sama cikinta a 1936, ta ba shi wannan iko. Daga baya, a shekarun karayar arziki, ƙungiyoyin suka riƙa ja da baya, daga 50 zuwa 70, daga 70 zuwa 76.

Su kuwa matuƙan ƙananan kamfanoni sun sha wuya. Na Comair sun yi yajin kwana 89 a 2001, suka sami ƙari, amma ƙarin ya sa kamfanin ya zama mai tsada, Delta ta riƙa kai aikin wurin wasu, har ta rufe shi a 2012. A Fabrairu 2009 wani jirgin Colgan Air mai ɗauke da sunan Continental ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin kimanin dala 16,000 take samu a shekara. Wannan ya sa Majalisa ta yi doka a 2010, wadda ta kai ga sharaɗin awa 1,500 na tuƙi kafin a ɗauki mutum mataimaki. Da matuƙa suka yi ƙaranci, sai farashi ya juya. A 2022 ƙananan kamfanonin American suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki zuwa dala 90 a awa. A 2023 matuƙan Delta suka amince da ƙarin kashi 34 cikin 100 a tsawon shekara huɗu, shingen kujera 76 kuma bai gusa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka shingen ba ya cutar kowa. Kamfanoni suna kukan cewa yana hana su kai jirgin da ya dace garuruwa masu matsakaicin girma. Ƙarfinsa ma ya kai har masana'antun wasu ƙasashe. Kamfanin Embraer na Brazil ya ƙera sabon samfurin jirginsa E175 mai injin da ke shan mai kaɗan, amma injin ya ƙara masa nauyi har ya haura fam 86,000, sai aka jingine aikin a 2022, ana ci gaba da sayar da tsohon samfurin. Mitsubishi na Japan ma nauyin nan yana cikin matsalolin da suka dabaibaye jirginsa SpaceJet kafin a watsar da shi a 2023. United kuwa dabara ta yi. Da adadin manyan jiragen kwangilar da aka yarje mata ya cika, a 2019 ta sa aka ɗauko jirage masu cin kujera 70, aka cire kujeru har suka koma 50, aka sa wuraren ajiye jakunkuna a filin da ya rage, aka raɗa musu sabon suna CRJ550.