Darasi Na Tara: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Ɗalibi, idan ka bi hanyoyin da suka fita daga Kafanchan, za ka ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kowane buhu itace ne da aka sare aka ƙona. Itatuwa kuwa su ne ke shanye iskar kabon mai ɗumama duniya. Idan suka ragu, zafi yakan ƙaru, damina ta rikice, manomin citta a Kachia ya kasa gane lokacin shuka.

Saboda irin wannan matsala ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Paris a 2015. A 2021 Nijeriya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi. Ta kuma yi alƙawarin rage hayaƙi mai gurɓata iska da kashi 20 cikin ɗari zuwa 2030, ko kashi 47 idan ta sami tallafi daga waje.

To, wa zai cika wannan alƙawari? Gwamnati tana da doka da filaye da madatsun ruwa. Kamfanoni masu zaman kansu suna da jari da ƙwararru. Dubi madatsar Gurara da ke kudancin Jihar Kaduna. Gwamnatin Tarayya ce ta gina ta, tare da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 30. A 2020 ta damƙa tafiyar da tashar ga kamfanin North South Power. Wutar da ake samu daga ruwa ba ta fitar da hayaƙi irin na janareta.

Sai dai ka lura, kamfani riba yake nema. Idan wuta da gas suka fi ƙarfin aljihun talaka, uwar gida za ta koma ga gawayi, dazuzzuka irin na Nimbia su shiga haɗari. Don haka wajibi ne gwamnati ta sa ido kan farashi, jama'a kuma su riƙa bin diddigin yarjejeniyar da aka ƙulla da sunansu. Kai ma kana cikin jama'ar nan.

Sababbin Kalmomi
jinka: rufin ɗaki na ciyawa
jari: kuɗin kafa sana'a
damƙa: miƙa abu a hannun wani

Aiki
1. Me gwamnati ke kawowa cikin haɗin gwiwa, me kamfani ke kawowa?
2. Bayyana dangantakar taken darasin da abin da ka karanta.
3. Tambayi gidaje biyar a unguwarku da me suke girki, kuma me ya sa.