Idan Sojoji Suka Zo Atisaye Kusa da Garinku

A 2018 Nijar ta karɓi baƙuncin atisayen Flintlock, wanda Amurka ke shiryawa da dakarun musamman na ƙasashen Afirka, har aka yi wani sashensa a Agadas da Tawa. Irin wannan horo yakan matso kusa da gonaki da wuraren kiwo.

Yara ne suka fi tayar min da hankali. Da zarar sojoji sun tashi, sai su bazama tsintar kwanson harsashi don sayar wa 'yan gwangwan, alhali cikin tarkacen akan tarar da abin da bai fashe ba. Kowane baƙon ƙarfe a bar shi inda yake, a sanar da mai gari.

Makiyaya su kauce wa filin atisayen har a gama. Iyaye, ku ja kunnen yaranku tun kafin motocin sojoji su iso.