Ranar Da Yesu Ya Yi Shiru

Karatu: Matiyu 15:21-28, Markus 7:24-30

Akwai ayoyin da mai karatu a majami'a yakan wuce da sauri. Wannan ɗaya ce daga cikinsu. Wata mata daga ƙasar Taya da Sidon, ba Bayahudiya ba, ta zo tana kuka don aljani ya kama 'yarta. Da fari Yesu bai amsa mata ba. Almajiransa suka ce a sallame ta. Da ya yi magana, sai ya kwatanta Isra'ila da yaran gida, ita kuwa da karnuka.

Kare! A Gaya ko Ajingi, wanda ya kira mace da wannan suna sai magana ta kai gaban mai unguwa. Matasanmu da yawa an nuna musu wannan aya, a kasuwa ko a WhatsApp, an ce musu ai Yesu na Yahudawa ne kaɗai. Wasu sun dawo gida da nauyin zuciya, suna jin kunyar tambayar fasto. Tambayar ba zunubi ba ce. Ayuba ya yi ta, Habakkuk ma ya yi.

Masana sukan ce kalmar Helenanci da ke nan tana nufin ɗan kwikwiyon gida, ba karen bola ba. Haka ne, amma kwikwiyo ma kare ne, kada mu shafa wa ayar zuma. Abin da ya fi taimako shi ne a ci gaba da karatu. A Markus, Yesu ya ce a fara ƙosar da yara tukuna. Uwa takan zuba wa yara tuwo kafin ta aika wa maƙwabta, wannan ba ya nufin tukunya ta ƙare. Matar ta ji wannan "tukuna", ta riƙe ta gam. Ba ta yi fushi ta tafi ba, ba ta kuma yi kamar maganar ba ta yi mata zafi ba. Ta ce ko ɓarɓashin da ya faɗo ƙasa ya ishe ta. A sa'ar nan 'yarta ta warke.

Mutum biyu ne Yesu ya yaba wa girman bangaskiyarsu a cikin Matiyu: jarumin Roma a sura 8, da wannan mata. Ba Bayahude a cikinsu. Bayan haka Markus ya nuna shi ya bi ta yankin Dikafolis, ya ciyar da mutum kamar 4,000, har aka kwashe kwando 7 na saura. Ita da ta roƙi ɓarɓashi!

Me ya sa ya yi shiru da fari? Nassi bai faɗa ba, mai wa'azi kuma kada ya ƙara abin da babu. Wasunku suna cikin irin wannan shiru yanzu: yaro a kwance, an yi azumi, an shafa mai, ba sauƙi. Matar nan ba ta sami bayani kafin ta durƙusa ba. Ta dai ji labarin irin mutumin da Yesu yake, ta dogara da wannan.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, muna kawo maka yaranmu marasa lafiya da matasanmu masu tambaya. Ka ba mu ƙarfin tsayawa a gabanka har ka amsa. Amin.